Zauren Harshe: Amsoshin Tambayoyinku a Kan Furuci da Tsarin Sauti

Wasiƙun da suka taru a wannan wata, waɗanda yawancinsu daga Katsina da Daura da garuruwan kewaye suka fito, sun karkata ne ga al'amarin furuci. Fannin da ke kula da wannan shi ne ilimin tsarin sauti, wanda ke nazarin sautukan da kowane harshe ya zaɓa yake aiki da su, da waɗanda ke bambanta ma'ana a cikinsu, da dokokin haɗuwarsu a cikin kalma. Na taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana ya cika shekara 3, amma har yanzu "luwa" yake cewa maimakon ruwa, ƙofa ya ce "kofa", shinkafa kuma ya ce "kafa". Kakarsa ta ce linzami ne ya riƙe masa harshe, a kira wanzami ya yanke. Wata maƙwabciya kuma ta ce Fillancin da dangin mahaifinsa ke yi masa ne ya rikita shi. Ina neman shawara.
Daga wata uwa a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Abin da kika bayyana shi ne tsamin baki, kuma a shekarun ɗanki abu ne da aka saba gani. Idan kika saurare shi da kyau za ki ga cewa ba da ka yake sauya sautukan ba. Duk inda ra ta zo zai mayar da ita la, saboda haka wanda ya ce "luwa" shi ne zai ce "lana" da "liga". Duk inda ƙa ta zo zai sassauta ta ta koma ka, kalma mai gaɓa uku kuma yakan yar da gaɓar farko ya riƙe biyun ƙarshe. Dalili shi ne sautukan ba wahalarsu ɗaya ba. Wajen furta ba da ma da da, leɓɓa ne ko kan harshe ke tare iska sau ɗaya su sake ta, shi ya sa su ne farkon abin da ke fitowa daga bakin jariri, shi ya sa kuma kalmomi irin su baba da mama da dada suke kama da juna a harsuna masu yawa waɗanda ba su haɗa dangi ba. Ƙa kuwa sai an rufe wuri biyu a lokaci guda, a hanɗa, wato can bayan rufin baki, da kuma a maƙwallato, wato cikin maƙogwaro, sannan a tunkuɗo iskar da ke tsakani, ita kuma ra tana bukatar kan harshe ya yi motsi mai sauri wanda sai a hankali yaro ke ƙwarewa a kansa. Wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan yara masu koyon harsuna 27, ya nuna cewa yawancin baƙaƙe kan zauna a bakin yaro zuwa shekara 5, kuma dangin ra suna cikin masu zuwa a ƙarshe.

Abin da ya fi muhimmanci ki sani shi ne kunnen yaro yana riga harshensa koyo da nisa. A 1984 Janet Werker da Richard Tees suka gwada jarirai a Kanada waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu, suka jiyar da su sautukan harshen Hindi da na wani harshen 'yan asalin ƙasar, wanda ɗaya daga cikin sautukansa ya yi kama da ƙa ɗinmu. Jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 sun bambance sautukan, amma 'yan wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun kasa. Ma'ana, kafin yaro ya furta kalmarsa ta farko kunnensa ya riga ya tantance sautukan da ke da amfani a harshen gidansu. Kina iya gwada wannan da kanki. Ki ce masa, "Luwa kake so?" Sau da yawa yaro zai ɓata rai ya nemi gyara miki, ko da shi ma "luwa" ɗin zai sake faɗa, domin a kunnensa kalmar daidai take, bakin ne bai kai ba tukuna. Saboda haka kada a riƙa kwaikwayon tsamin bakinsa ana dariya, kada kuma a tsare shi sai ya maimaita. Idan ya ce "luwa", ki amsa masa da cewa, "To, ga ruwa", ki ci gaba da hira.

Batun Fillanci kuwa, ki kwantar da hankalinki. Jin harshe biyu a gida ba ya hana yaro magana, kuma ƙasar Katsina cike take da mutanen da suka tashi da Hausa da Fillanci tare, bakinsu garau a kowanne. Game da linzami, ina roƙon ki da kakarsa, cikin girmamawa, kada a yanka. Yaron da ya sha nono lafiya, yake iya fito da harshensa waje, yake kuma furta la da ta da da, waɗanda duk da kan harshe ake yin su, ba tantanin ƙarƙashin harshe ne ya hana shi faɗin ra ba. Yanka a gida na iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, kuma idan har akwai abin dubawa a wurin, likita ne zai duba.

Inda nake so iyaye su farga shi ne ji. Yaron da ba ya juyowa idan an kira shi ta baya, ko ya kai shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya, ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ya kai shekara 4 baƙo ba ya gane maganarsa, ko kuma wanda ya fara magana sannan ya daina, wannan a kai shi asibiti a auna jinsa ba tare da jinkiri ba. Haka ma wanda kunnensa ke yawan zubar da ruwa, ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, domin waɗannan na iya rage ji ba tare da an lura ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Katsina, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Tambaya: Malam, ni ɗan Jibiya ne, ina karatu a Kano. Duk lokacin da na ce "zamna" ko "tahi" ko "biyal" sai abokaina su fashe da dariya, su ce Hausar ƙauye nake yi. Har na fara kame bakina a cikin aji. Shin gurɓatacciyar Hausa muke yi?
Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, wannan wasiƙa taka ta taɓa ni, domin ɗalibin da ya daina tambaya a aji saboda kunyar bakinsa ya yi asarar da ta fi ƙarfin wasa. Amsa a taƙaice ita ce a'a, kuma a wasu daga cikin kalmomin da ka ambata bakinka ne ya riƙe tsohuwar siga.

Ka tambayi abokan naka wannan: idan "zauna" ce asali, daga ina ma ta fito a cikin "zama"? Idan "aure" ce asali, me ya kawo ma a cikin "amarya"? Me ya sa jam'in juji ya zama jibaje, da ba a tsakiya? Amsar ita ce tsofaffin sigogin su ne zamna da amre da jibji, kamar yadda har yau ake jin su a bakin dattawan ƙasar Katsina da Sakkwato da Zamfara da Gobir, tare da sabka da abduga da ƙamna da sabro. Abin da ya faru shi ne, a Hausar gabas, sau da yawa baƙin da ake furtawa da leɓɓa idan ya zo a ƙarshen gaɓa sai ya narke ya koma u, amma idan wasali ya biyo bayansa sai ya tsira, shi ya sa ma ɗin da ta ɓace a "zauna" take nan daram a "zama". Wani masanin harshe Bajamushe, August Klingenheben, shi ne ya fayyace wannan doka a wajajen 1928, kuma da sunansa ake kiranta a littattafan nazarin Hausa. Dokar tana da wasu rassa da suka shafi kowa da kowa, har da mu. Sautukan ka da ga a ƙarshen gaɓa su ma sun narke, saboda haka muke da talaka amma talauci, muke da bugaje amma buzu, muke da ɓakane amma ɓauna. Wannan reshe ya riga ya ratsa ƙasar Hausa baki ɗaya, na leɓɓa kuwa daga baya ya zo, kuma bai game yamma ba.

Biyar ma haka labarinta yake. Basakkwace yana cewa "biyat", kuma ta ɗin nan ita ce tsohuwa. Ta a ƙarshen gaɓa ta koma ra a Kano, ta koma la a bakinka, kamar yadda tilon fatake ya zama farke a can, falke a nan. "Ɗiya" da muke faɗa ita ce ta tsuke ta zama 'ya, ɗiyauci ya zama 'yanci. Batun "tahi" kuwa, Bakano ma yana mayar da fa ta koma ha, sai dai a wurare ƙalilan: yana cewa tsufa da tsofaffi amma tsoho, yana cewa makafi amma makaho, yana cewa dafa amma dahuwa. Shi a gaban o da u ya fi yin haka, mu kuwa mun faɗaɗa dokar ta kai gaban i, a gaban a kuma mukan ce hwa, kamar "hwara" da "hwaɗi". Doka ɗaya ce, iyakarta ce ta bambanta.

Manazarta kan raba karin harshen Hausa gida biyu manya. Na yamma ya haɗa Katsinanci da Sakkwatanci da Zamfaranci da Gobiranci da Kabanci da makamantansu, na gabas kuma ya haɗa Kananci da Zazzaganci da Bausanci, malamai da dama kuma a nan suke sanya Dauranci, ko da yake yana da nasa kamannin. Iyakar ƙasa ba ta yanke wannan ba. Kai da kake ɗan Jibiya ka san bakinka ya fi kusa da na mutumin Maraɗi a kan na mutumin Kano, kuma tarihi ya bayyana dalili, tun da a Maraɗi zuriyar sarakunan Katsina na da suka kafa mazauni bayan jihadi a farkon ƙarni na 19.

Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne a kan Kananci saboda matsayin Kano a kasuwanci da yawan jama'a, sannan aikin ɗab'i ya ƙarfafa ta, musamman bayan fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 da kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. Zaɓi ne na sauƙaƙa rubutu da karatu, kuma yana da amfani ƙwarai, domin da shi ne mutumin Yamai da na Bauchi ke karanta littafi ɗaya. Ba hukunci aka yanke ba cewa sauran kare-karen harshe kurakurai ne. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin da aka yi wa alamar Katsina da Sakkwato, an adana su a matsayin Hausa tsantsa. Shawarata ita ce a takardar jarrabawa ka rubuta zauna da tafi da biyar, domin ƙa'idar rubutu ke nan kuma da ita za a auna ka. A magana kuwa ka saki bakinka. Na fi damuwa da yadda matasan birnin Katsina da yawa suke barin waɗannan sigogi saboda rediyo da fina-finai da irin dariyar da ake yi maka, alhali da su ne manazarta ke gano yadda Hausa take shekaru ɗaruruwa da suka wuce.

Tambaya: Malam, ina koyar da aji biyu na firamare. Yarana suna haɗa baƙi, amma idan sun zo kan kalma kamar "gari" ko "kuka" sai su karanta ta da muryar da ba ita ba, ma'ana ta lalace. Wasu kuma suna iya rera a, b, c har ƙarshe amma ba sa iya karanta "ciki". Ina matsalar take?
Daga wata malama a Daura.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Matsala biyu ce kika haɗa, kuma ta farkon ba daga yaran take ba, daga rubutun boko take. Haruffan wasali 5 muke rubutawa, amma a baki kowannensu yana da gajere da dogo, sun zama 10, ga kuma tagwan wasali irin su ai da au. Garin da mutane ke zaune a ciki wasalinsa na farko gajere ne, garin tuwo kuwa dogo. Bayan tsawon wasali akwai karin sauti, wato hawa da saukar murya, wanda a Hausa iri uku ne: na sama, da na ƙasa, da faɗau. Kukan yaro gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, kukar miya kuwa ta fara a sama ta sauka. Wuyan da ake rataya laya ya fara sama ya sauka, wuyar aiki ta fara ƙasa ta hau. Abin ya shiga har cikin nahawu, domin "ya tafi" idan aka ja "ya" labari ne na abin da ya riga ya faru, idan kuma aka gajarta ta aka sauke murya ta zama umarni. Akwai ma ra iri biyu da harafi ɗaya ke wakilta, ra-kaɗe ta baran gida da ra-gare ta barar almajiri. Duk waɗannan rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna su. A ƙamus ne ake sa musu alama, kamar na Bargery da na Abraham da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Ajami, abin sha'awa, yana nuna tsawon wasali.

Babba yana cike wannan giɓi da ma'anar jimla ba tare da ya san yana yi ba, shi kuwa yaro mai haɗa baƙi hankalinsa duk yana kan haruffa, bai kai ga jimla ba. Maganin shi ne kada ki ba su irin waɗannan kalmomi su kaɗai a kan allo. Ki sa su cikin gajeriyar jimla, "Inna ta tankaɗe gari", "Baba ya shiga gari", ki karanta su ji, sannan ki tambaye su wanne aka ja. Za ki ga sun amsa nan take, domin bambancin yana kunnensu tun suna goye, abin da ya rage kawai shi ne su san cewa takarda ba ta nuna shi.

Matsala ta biyu ta fi sauƙin gyara, kuma ta fi yawa a makarantunmu. Yaran sun haddace sunayen haruffa na Turanci, ba su koyi sautinsu na Hausa ba. Wanda aka koya wa cewa sunan harafin c shi ne "si", yaya za a yi ya fitar da "ciki" daga gare shi? A koya musu sautin harafi, a haɗa shi da wasali, ca ce ci co cu, a kuma nuna musu cewa sh da ts da ky da gw da ƙw kowannensu sauti ɗaya ne duk da an rubuta shi da harafi biyu. Hausa ta dace da wannan hanya ƙwarai, saboda gaɓarta iri uku ce kacal: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Shirin RANA na koyar da yara karatu da lissafi da aka gudanar a makarantun jihohin Katsina da Zamfara da tallafin UNICEF a kan wannan hanya ya dogara, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tun da makarantar allo da babbaƙu take farawa sannan farfaru, wato baƙaƙe tukuna sannan wasula.

Kada ki raina wasannin baka. Yaron da ke zaurance, yana juya Daura ta koma "Radau", ya riga ya san inda gaɓa ta fara da inda ta ƙare, kuma wannan sani shi ne harsashin karatu. Gagara-gwari irin na ƙato da kwaɗo da ƙoto yana horar da kunne a kan ƙa da ɗa fiye da darasin rabin sa'a. Ki kuma tsananta a kan ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ tun yanzu, domin wayar hannu ta sa manya ma suna rubuta baki a wurin baƙi, kafa a wurin ƙafa.

Tambaya: Me ya sa mu Hausawa muke musanya p da f a Turanci, har ake yi mana ba'a?
Daga wani ma'aikaci a Sabuwar Unguwa, Katsina.

Amsa: Malam, saboda Hausa ba ta bambanta ma'ana da waɗannan sautuka biyu. Fa ɗinmu da leɓɓa biyu ake furta ta, wani ya matse su sosai ta fito kamar p, wani ya sassauta, kuma kalmar ba ta sauya ba, shi ya sa kalmomin aro irin su famfo da fensir da fasinja da fursuna, waɗanda duk da p suka fara a harshen da aka aro su, suka zauna da fa. Turanci kuwa ya raba su gida biyu, har da v ta uku, wadda mukan mayar da ita b. Kunnen da ya tashi da gurbi ɗaya dole ya sha wuya idan aka ce ya raba shi. Wannan ba naƙasa ba ce ta Bahaushe. Balarabe kan mayar da p ta koma b, mutumin Japan yana fama da r da l, Bature kuma yakan shekara yana koyon Hausa bai bambance ɗaki da daki ba. Gyaran yana farawa ne daga saurare: a samu kalmomi biyu da wannan sauti kaɗai ya raba su, a riƙa ji har kunne ya rarrabe, sannan a koma ga baki. Wajen f ta Turanci haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa iska na fita ba yankewa, wajen p kuwa leɓɓa biyu ke rufewa ruf sannan su buɗe da ƙarfi. Madubi yana taimakawa.

Tambaya: Malam, ina koyar da tajwidi a Islamiyya. Dattawan da ke zuwa darasin dare sun saba da "walal lallina", kuma sauya musu yana wuya. Daga ina wannan la ta samo asali? Kuma ko ya kamata mu gyara kalmomi irin su alwala da larura a maganarmu?
Daga wani malamin Islamiyya a Rafindaɗi, Katsina.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, wannan tambaya ta fi sauran zurfin tarihi. Harafin da makarantar allo ke kira lodi, wanda Larabawa ke alfahari da shi har suna kiran harshensu da sunansa, ya shigo Hausa a matsayin la a kalmomi da yawa: alƙali, alwala, larura, lamiri, farilla, haila, Ramalan. Wannan ba ganganci ba ne na magabata. Sibawaihi, wanda ya rayu a ƙarni na 8 na Miladiyya, ya bayyana cewa mafitar harafin ita ce gefen harshe tare da turamen haƙora da ke kusa da shi, kuma har yau haka littattafan tajwidi ke koyarwa. A duk sautukan Hausa, la ce kaɗai iska ke bi ta gefen harshe wajen furta ta, saboda haka ita kunnen Bahaushe ya ga ta fi kusa. Ba mu kaɗai ba ne: kalmar da mutanen Sifen ke kiran shugaban gari da ita daga alƙali ta Larabci ta fito, kuma ita ma da la a cikinta.

Idan ka duba sauran haruffan za ka ga aron yana da tsari mai ban sha'awa. Larabci yana da haruffa masu kauri, Hausa ba ta da su, amma tana da nata jerin na musamman, wato masu ƙugiya, sai ta haɗa wannan da wancan. Ɗa mai hannu ta zama ɗa ɗinmu a ɗalibi da ɗabi'a da sharaɗi da huɗuba, ƙaf ta zama ƙa a alƙalami da haƙƙi da wasiƙa. Ain ta koma hamza a sa'a da addu'a, haruffa uku masu fita daga maƙogwaro kuma suka taru a ha guda, kamar a halitta da hukunci da hijira. Inda baƙaƙe suka cunkushe sai a raba su da wasali, a kuma rufe kalma da wasali, shi ya sa muke da sharaɗi da hukunci, kamar dai yadda aka yi wa burodi da bokiti daga Turanci.

Daga nan amsar tambayarka ta biyu ta fito. Alwala da larura da farilla kalmomin Hausa ne yanzu, sun bi dokar sautin Hausa shekaru aru-aru, kuma ba na ganin dalilin taɓa su a hira ko a rubutu. Karatun Alƙur'ani kuwa Larabci ne, dokar sautin Larabci ce ke hukunci a cikinsa, kuma a can haruffan da muka tara wuri ɗaya suna raba ma'ana, kamar yadda ƙaf da kaf suka raba kalmar zuciya da ta kare. Hukuncin wanda ya yi iya ƙoƙarinsa harshe ya ƙi, wannan fagen malaman fiƙihu ne, ku kuka fi ni saninsa. Ta fuskar sauti dai, malaman Musulunci sun riga kowa yin wannan aiki: Khalilu ɗan Ahmad ya jera ƙamusunsa bisa mafitar haruffa, ya fara daga maƙogwaro, Ibnul Jazari kuma ya ƙidaya mafita 17. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a 1986, ta taimaka ƙwarai wajen yaɗa wannan ilimi a tsakanin matasa.

Game da dattawanka, ka tuna cewa kunnensu ya shekara 50 ko 60 yana jin sautin a matsayin la, saboda haka faɗa musu cewa sun yi kuskure ba zai wadatar ba, tun da ba su ji bambancin ba tukuna. Ka fara da ji kafin furuci. Ka karanta musu kalma biyu, ɗaya da lam ɗaya da lodi, su faɗi wadda ka karanta, har sai sun daina kuskurewa, sannan ka nuna musu inda gefen harshe ke dafawa. Kada ka haɗa musu haruffa da yawa a dare ɗaya. Ka fara da waɗanda ido ke iya ganin mafitarsu, kamar masu fita tsakanin kan harshe da haƙoran gaba, ka biyo da na maƙogwaro, ka ajiye lodi a ƙarshe domin ita ce mafi wuya ko a wurin Larabawa. Idan akwai mai wayar da ke ɗaukar murya, ya ɗauki karatunsa ya saurara tare da naka, domin mutum ya fi jin bambanci a muryar da ta fito daga waje a kan wadda yake cikin furtawa. Ka kuma keɓe musu lokacinsu daban da na yara, saboda dattijon da aka gyara wa Fatiha a gaban jikansa da wuya ya dawo darasi na gaba.